Keke, Yara da Zanen Mutanen Da a Hamadar Yuta

A kudu maso gabashin Jihar Yuta, can yammacin ƙasar Amurka, akwai wani ɗan gari ana ce da shi Mowab, yana zaune a bakin Kogin Kolorado, jajayen duwatsu sun kewaye shi kamar ganuwa. Mutanensa ba su da yawa, gama ƙidayar da aka yi a 2020 ta nuna ba su kai 5,400 ba. Amma wanda duk ya shiga garin cikin watan Afrilu ko Oktoba sai ya ce ranar kasuwa ya tarar, domin baƙi sun cika ko'ina, motoci da yawa kuma za a ga an ɗaura musu kekuna a baya, manya biyu, ƙanana biyu ko uku. Hawan keke cikin hamada shi ya kawo su. Samari masu jini a jika suna neman gangaren da zai kaɗa musu hanta. Magidanta kuwa, waɗanda suka zo da mata da yara, da dama daga cikinsu sukan bi wata hanya mai dama-dama wadda ta ratsa kwazazzabon rafin Kane, inda mutanen da suka zauna a ƙasar shekaru dubu ko fiye da suka wuce suka bar zane-zanensu a jikin duwatsu, a fili, ba ƙofa ba mai gadi.

Ƙasar dai hamada ce, amma ta dutse. Garin yana bisa tudu, kimanin mita 1,200 sama da teku, ruwan da yake samu a shekara kuwa wajen milimita 230 ne kurum. Daga Yuni zuwa Agusta zafi yakan haura digiri 38, da hunturu kuma ruwa yakan daskare, shi ya sa baƙi suke zaɓen watannin da ke tsakani. Duwatsun da kansu yashi ne da ya ƙame. Masana ilmin ƙasa sun ce wajen shekaru miliyan 190 da suka shige wurin nan tudun rairayi ne mai faɗin gaske, iska tana ta jibge shi, daga baya ya danne juna ya zama dutse. Sa'an nan ruwa ya zo da aikinsa na haƙuri, yana zaizaya kaɗan-kaɗan, har ya yanka ramuka masu zurfi da tsawo, bango dama bango hagu, rafi a tsakiya. Na rafin Kane ɗaya ne kawai daga cikin irinsu masu ɗimbin yawa.

Keken da ake shiga irin wannan wuri da shi ya sha bamban da tsohon Raleigh na malamin makaranta. Tayarsa mai kauri ce, mai haƙora, don ta kama yashi da tsakuwa. Yana da giya da yawa, ta yadda ɗan shekara 9 zai iya hawan tudu yana murza feda a hankali ba tare da ya sauka ba, ga birki mai ƙarfi gaba da baya, ga shokozoba mai shanye gargada. Asalinsa daga Kalifoniya ne. A shekarun 1970 wasu samari na gundumar Marin, arewa da birnin San Faransisko, suka riƙa tono tsofaffin kekuna masu nauyi na zamanin iyayensu, suna haurawa da su kan dutse su gangaro a guje. A watan Oktoba na 1976 suka fara tsere a wata gangara wadda kafin mutum ya kai ƙasa man birkinsa ya ƙone, sai an sake cusa wani. Ɗaya daga cikinsu, Joe Breeze, ya ƙera keke musamman domin wannan aiki a 1977, a 1981 kuma kamfanin Specialized ya fara fitar da irinsa da yawa zuwa kantuna.

Yadda keken ya sami gida a Mowab kuwa, faɗuwar wani ce tashin wani. A 1952 wani mai neman ma'adinai, Charlie Steen, ya haƙo yuraniyam mai yawa kudu maso gabas da garin, irin ma'adinin nan na Arlit ta ƙasar Nijar. Gwamnatin Amurka tana sayensa a lokacin don makaman nukiliya, sai jama'a suka yi ca. Garin da bai kai mutum 1,300 ba a 1950 ya haura 4,600 a 1960, masu nema kuma suka sa katafila ta yanka hanyoyi cikin lunguna da kwazazzabai. Da kasuwar ta mutu, masana'antar tace ma'adinin ta rufe a 1984, mutane suka yi ta ƙaura, aka bar hanyoyin ba mai bi. Dab da wannan lokaci, a 1983, wasu 'yan'uwa biyu, Bill da Robin Groff, waɗanda faɗuwar kasuwar ta raba da ayyukansu, suka buɗe kantin kekuna a garin. Cikin 'yan shekaru sai hanyoyin da aka yanka don neman abin yin bom suka koma hanyoyin shan iska, garin ya farfaɗo.

Magidancin da ya san abin da yake yi ba ya barin rana ta riga shi fita. Tun da asuba ake duba iskar tayoyi da birki, a sa wa kowane yaro hular kwano, a ɗauki famfo da tif na ajiya da kayan faci, domin a cikin kwazazzabo babu mai faci a gindin bishiya, wayar salula ma takan daina kamawa da zarar an shige tsakanin bangayen dutse. Amma babban guzuri shi ne ruwa. Hukumomin gandun daji na yankin suna ba da shawara kowane mutum ya tanadi aƙalla lita 4 a wuni. Iskar wurin busasshiya ce ƙwarai, gumi yana bushewa kafin a gan shi, saboda haka mutum yana ƙarewa bai sani ba. Yaro kuwa ba ya cewa yana jin ƙishi sai abin ya yi nisa, sai dai a ga ya yi shiru, ko ya soma fushi ba dalili. Uwa mai lura takan tsayar da ayarin a kai a kai ta ce a sha, ko ana so ko ba a so. Ƙananan da ba su isa murza feda ba, akan sa su cikin ɗan amalanke mai rumfa da ake ɗaurawa a bayan keken uba.

Hanyar ta tashi daga tsakiyar gari da kwalta, ta bi gefen Kogin Kolorado, ruwa a hannun dama, bangon dutse a hagu. Bayan kamar kilomita 5 sai a iso bakin wani ɗan kwazazzabo mai inuwa da ake kira Moonflower, watau furen wata. Sunan na wani tsiro ne mai farin fure kamar bakin kakaki, wanda yake buɗewa da dare. Ɗan'uwan zaƙami ne, wanda Hausawa suke yi wa laƙabi da haukata-yaro, dafinsu kuwa iri ɗaya ne, don haka nan ne wuri na farko da za a ja kunnen yara kada su tsinki abin da ba su sani ba. A nan kuma, dab da hanya, ake cin karo da zane na farko: ragunan dutse masu lanƙwasassun ƙahoni, da dabbobi kamar barewa, da siffar wani mutum mai faɗin kafaɗa da ado a kansa. Sai dai bangon nan yana cikin waɗanda suka fi shan wahala, gama kusancinsa da hanya ya sa sunaye da shekarun masu wucewa sun hau kan zanen, har sai an zuba ido sosai kafin a raba tsoho da sabo.

Yaro mai wayo yakan tambayi ubansa da wane irin fenti aka yi zanen har ya daɗe haka. Amsar ita ce mafi yawansu ba fenti a ciki. Fuskar dutsen hamada, in ta daɗe tana shan rana da iska, takan yi wani baƙin rufi mai sheƙi, haɗin ƙurar yumɓu da tsatsar ƙarfe da ta wani ma'adini da ake kira manganis. Kaurin rufin nan kamar na takarda ne, ko ƙasa da haka, kuma abin da yake ƙarawa a shekara dubu bai kai kaurin silin gashi ba. Mai zane yakan ɗauki dutse mai tauri ya riƙa saran wannan rufi ɗigo-ɗigo, har dutse mai haske na ƙarƙashi ya bayyana. Watau zanen rauni ne aka yi wa fatar dutse. Daga ranar da aka gama shi kuma hamada take soma rufe shi, a hankali ƙwarai, shi ya sa in aka ga zane biyu a bango ɗaya, wanda ya fi duhu galibi shi ne ya girmi ɗan'uwansa.

Ba al'umma ɗaya ce ta yi su ba. Na farko mafarauta ne masu yawo, waɗanda suka shafe dubban shekaru suna bin namun daji da 'ya'yan itatuwa. Su ake dangantawa da dogayen siffofin nan na yankin, marasa hannu da ƙafa, masu manyan idanu ko babu ido sam, waɗanda akasari da jar ƙasa aka shafa su. Bayansu manoma suka zo, masu shuka masara da wake da kabewa a bakin rafuka, suna gina ƙananan rumbuna na laka da dutse can cikin ramukan bango. Waɗanda suke arewa da yammacin Kogin Kolorado masana suna kiransu mutanen Fremont, sunan wani kogi ne aka laƙaba musu tun wajen 1931. Na kudu kuwa su ne kakannin Hopi da Zuni da sauran ƙabilun Pueblo na yau. Mowab tana kan iyakar biyun, don haka hannun kowa yana nan. Wajen shekara ta 1300 noma ya tsaya a yankin, bayan wani dogon fari wanda zoben da ke cikin kututturen itatuwa ya nuna ya kama daga 1276 zuwa 1299, manoman kudu suka gangara zuwa inda jikokinsu suke a yau, cikin Arizona da Niyu Meksiko. Sa'an nan ƙasar ta zama ta Yut, ƙabilar da jihar ta ci sunanta, su ma suka ƙara nasu zanen, har zuwan Turawa cikin ƙarni na 19.

Don a san shekarun zane, masana sukan dubi abin da aka zana. In mafarauci yana riƙe da sandar wurga mashi, to zanen tsoho ne ƙwarai, gama baka da kibiya ba su yaɗu a yankin ba sai wajen shekara ta 500 Miladiyya. In akwai doki da mahayi, to bai wuce shekara 400 da 'yan kai ba, domin Sifaniyawa ne suka kawo dawaki, kuma wajen ƙarni na 17 suka shiga hannun Yut. Mai sauraro da ya san Sahara ba zai ga baƙon abu a wannan dabara ba, gama da ita ake jera zane-zanen Tassili da Ennedi da Azbin: zamanin manyan namun daji, sa'an nan na shanu, na dawaki, ƙarshe na raƙuma. Raƙuman dawan nan na Dabous ma, arewa da Agadas, sassaƙa su aka yi a fatar dutse.

Bayan kamar kilomita 7 daga gari kwalta ta ƙare. Hanya ta rabu da kogi ta shiga kwazazzabon Kane sosai, ta zama ta tsakuwa da jar ƙura, tana hawa a jikin bango, rafi yana can ƙasa a hannun dama. Nan ne ake gane amfanin giya, nan ne kuma ayari yake komawa layi ɗaya, uwa a gaba, uba a baya, yara a tsakiya, domin motocin shiga daji suna bin hanyar, wasu direbobin kuwa ba su san a hankali ba. Wajen kilomita na 10, ɗan gangare kaɗan daga hanya, sai ga wani ƙaton dutse guda, girmansa kamar ɗaki, an zane shi ta fuskoki huɗu. Ana kiransa Dutsen Haihuwa, saboda a kusurwar hagu ta fuskar da ke kallon hanya akwai siffar mace ta buɗe hannuwa da ƙafafu, ga jariri yana fitowa, masu lura kuma sun ce da ƙafa yake zuwa. Duk ungozoma ta san abin da wannan ke nufi, a yau ma da ake da asibiti, balle a wancan zamani. Ko uwar ta tashi ko ba ta tashi ba, ko ma haihuwa ce ta mace guda ko labarin asalin wata zuriya ne, dutsen bai faɗa ba. Kewaye da ita akwai sawun takalma, da sawun dabbar beyar, da maciji, da shanshani, da mutane masu jiki kamar kusurwa uku, da doki, wanda shi kaɗai ya isa shaida cewa an yi ƙarni bayan ƙarni ana dawowa wurin ana ƙara zane kusa da na magabata.

Baƙo yakan so a fassara masa komi, littattafan 'yan yawon buɗe ido kuma ba su rasa fassara: wannan taswira ce, wancan boka ne, wancan lissafin taurari ne. Mafi yawan wannan hasashe ne. Waɗanda suka fi cancanta su yi magana suna nan da ransu. Dattawan Hopi sukan gane alamun zuriyoyinsu a irin waɗannan duwatsu, suna ɗaukarsu sawun kakanni ne da suka bari a kan hanyar ƙaurarsu, shaidar cewa sun bi ta nan, kuma ba su yarda a ce wuraren kufai ne da aka watsar ba. Ba su son sunan Anasazi da aka daɗe ana kiran kakanninsu da shi, domin kalmar Nabaho ce da akan fassara da kakannin abokan gaba. Wani abin kuma sun sani amma ba su faɗa wa bare, haƙƙinsu ne. A 2016 ƙabilu biyar, watau Hopi da Zuni da Nabaho da rassan Yut biyu, suka sa gwamnatin tarayya ta keɓe yankin Bears Ears da ke kudu da Mowab saboda irin waɗannan wurare. Aka rage shi ƙwarai a 2017, aka mayar da shi a 2021. Wanda ya tsaya gaban Dutsen Haihuwa, ke nan, kamar wanda ya tsaya ne a maƙabartar wasu mutane ko wurin ibadarsu, masu wurin kuwa suna da rai, suna kuma jin labarin abin da ake yi a can.

A ƙarshen watan Afrilu na 2021 wasu suka zo wurin suka kankare kalaman fifita farar fata da na batsa a kan siffofin mutanen da ke ɗaya daga fuskokin dutsen. Hukumar da ke kula da filayen gwamnatin tarayya, wadda wurin yake hannunta, ta sa tukuicin dala 10,000 ga wanda ya tona asirinsu, ta kuma roƙi jama'a kada kowa ya ce zai goge da kansa, domin mai gyara da jahilci yakan ƙara wa ciwo gishiri. Ba wannan ne farau ba. A 1980, arewa da garin, a bakin ƙoramar Courthouse, wani ya bi wani bango na tsofaffin siffofi masu launi ya dirje su. Ƙwararru sun yi iya ƙoƙarinsu, amma launin bai dawo yadda yake ba. Dokar da Majalisar Amurka ta kafa a 1979 ta tanadi ɗaurin da zai kai shekara 2 da tarar dala 20,000 ga mai irin wannan laifi a karon farko, in ɓarnar mai yawa ce. Sai dai doka sai an kama mutum take aiki, filin kuwa ya fi ƙarfin masu gadi.

Amma masu ƙeta ba su ne suka fi yawa ba. Cikin wannan wata na Afrilu 2021 aka gano wani mai hawan duwatsu ya huda bango ya kafa ƙusoshin ƙarfe a jikin wani tsohon zane arewa da Mowab. Da aka tambaye shi ya ce ya ɗauka zanen yaran zamani ne, ya ba da haƙuri. An cire ƙusoshin, amma dutsen da aka huda ba ya komawa yadda yake. A da, masu ɗaukar hoto, har da masana, sukan bi zanen da alli don ya fito sosai, wasu su watsa masa ruwa, wasu su ɗora takarda su goga, daga baya aka gane duk cutarwa ce. Hannu ma kawai, in an shafa, yana barin maiƙo da gishirin gumi. Hannu ɗaya ba komi ba ne. Amma gandun Arches da ke maƙwabtaka da garin ya karɓi baƙi miliyan 1.8 a 2021, har a 2022 aka soma tsara shiga lokacin cunkoso, sai wanda ya nemi izni tun da wuri aka ba shi sa'a. In ɗaya cikin ɗari na irin wannan taro ya biyo ta Kane ya shafa dutsen don hoto, lissafin ba shi da wuya.

A nan ne maganar keke take da fuska biyu. Ba shakka ya fi mota dacewa da wurin. Ba shi da ƙara, ba ya tayar da ƙurar da ke bin bango tana lulluɓe zane, kuma tafiyarsa daidai take da ido. Mai mota yakan wuce zane goma bai ga ɗaya ba, mai ƙafa da ƙananan yara ba zai yi nisa cikin wannan rana ba, amma mai keke yana gani, yana kuma iya tsayawa duk inda yaro ya ce, "Baba, dubi can." Sai dai sauƙin nan shi ne kuma hatsarin. Nisa da ƙishi su suka yi gadin zane-zanen nan shekaru aru-aru, keke da mota kuwa sun kashe nisan. Bayan haka taya tana da nata laifin in ta bar hanya. Ƙasar nan ta gefen hanya, mai baƙaƙen ƙuraje, wadda ake gani kamar matacciya, tana da rai. Wani ɓawo ne da ƙananan halittu da gansakuka suka saƙa, shi yake riƙe yashi kada iska ta kwashe, yana tsare laima, yana ba tsirrai taki. Taya ɗaya ta ratsa shi, sai a yi shekaru, wani lokaci gommai, kafin ya warke, sawun da ta bari kuma yakan zama hanyar ruwa, sa'an nan hanyar mai keke na gaba, wanda zai ce ai wani ya riga ya bi. Saboda haka ƙa'ida ita ce a jingine kekuna a bakin hanya, a taka kan dutse ko kan turbar da aka riga aka bi, inda akwai shinge kuma a tsaya bayansa.

Hana yaro taɓa abin da ya ba shi sha'awa aiki ne, duk mai 'ya'ya ya sani. Iyayen da suka saba sukan ba hannun wani aikin: littafi da fensir, kowa ya zauna a inuwa ya kwaikwayi siffar da ta fi burge shi, ko a sa su ƙirga sawun takalma, ko su nemo dokin. In yaro ya tsinci ɓallin tukunya ko kan kibiya na dutse a ƙasa, abin da yakan faru a yankin, sai a bar shi ya duba da kyau, sa'an nan ya mayar daidai inda ya ɗauka. An hana tafiya da irinsu daga filin gwamnati, kuma ɓallin da ya bar wurinsa ya zama tsakuwa kurum, ba abin da zai ƙara gaya wa masani. Darasin nan ya fi yi wa manya wuya bisa ga yara, gama da wuya ɗan shekara 7 ya zo da wuƙa don ya rubuta sunansa a dutse, sai in ya ga babba ya yi.

Masu ƙananan yara galibi daga Dutsen Haihuwa suke juyawa, sun yi kilomita 20 ke nan zuwa da dawowa, ba kaɗan ba ne ga ɗan firamare. Masu manyan yara sukan ci gaba. Hanya ta gangara cikin wasu kwane-kwane masu tsanani zuwa gindin kwazazzabo, inda ruwa ke tsattsafowa daga jikin dutse, ga bishiyoyi masu inuwa, ta wuce bakin kwazazzabon Hunter, sa'an nan bangaye su ja da baya fili ya buɗe. Can gaba dole a ƙetare rafin Kane ta cikin ruwa. Yawancin shekara ruwan kaɗan ne, wani lokaci ma babu. Amma daga Yuli zuwa Satumba, lokacin hadarin yamma, ruwan da aka yi a kan wani tudu mai nisa, inda mai keke bai ko ga gajimare ba, yakan taru a kan dutsen da ba ya shan ruwa, ya gangaro gaba ɗaya, ja wur, da itatuwa da duwatsu a cikinsa. A watan Agusta na 2022 irin wannan ambaliya, ta wani rafi dabam, ta shiga tsakiyar Mowab kanta ta cika babban titi da laka. Mutanen wurin ba su gardama da rafi. In ya sake launi, ko aka ji ruri daga sama, sai a hau tudu a jira, ko da za a kwana.

Bayan an ƙetare sai hawa na ƙarshe, zuwa wata ƙofa tsakanin duwatsu da ake kira Hurrah, kimanin mita 1,450 sama da teku, fiye da kilomita 20 daga gari. Daga nan ana hango Kogin Kolorado yana lanƙwasa can ƙasa, a hayinsa kuma wasu tafkuna shuɗɗa kamar an zuba baba a marina. Na masu haƙar fotash ne, wani gishiri da ake haɗa takin zamani da shi. Ana tura ruwan kogi cikin ƙasa ya narkar da shi, a zuƙo, a baza a rana, a sa masa shuɗin rini don ya ƙara shan zafi ya bushe da sauri. Ba a daɗewa a ƙofar, gama inuwa babu, ruwan gora ya yi rabi, kwane-kwanen nan da aka gangara da safe ana dariya kuwa suna can suna jira, hawansu za a yi da rana tsaka.